Kalsiyom da daskarewar jijiyoyin jini: laifin nono ne, ko na ƙwayoyin da ake aiko wa iyaye?

Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa haɗa tsarabar gida ya san jerin kayan: waya, turare, takalman yara, sai maganin tsofaffi. A ƴan shekarun nan robar ƙwayoyin kalsiyom ta samu gurbi a cikin wannan jeri. Ɗa yana Faransa, Beljiyam, Amurka ko Saudiyya, zai ji mahaifiyarsa tana kukan ciwon gwiwa da na baya a waya, sai ya shiga kanti ya sayo mata "maganin ƙarfin ƙashi", tunda ba a neman takardar likita kafin a sayar. A nan gida ma ana samun sa a farmasi da hannun masu tallan magani, har da mai tafasa idan an jefa shi cikin kofin ruwa.

A gefe guda kuma wani saƙon yana yawo a WhatsApp da TikTok. Ana nuna hoton jijiyar jini ta yi fari fat, ta daskare kamar tsohon bututun famfo, a ce kalsiyom ne ya toshe ta. Wasu masu bidiyon har suna ba da shawarar a bar nono da madara gaba ɗaya.

Mai karatu zai so ya san wanne zai kama. Abin da binciken likitoci ya tara tun daga 2008 ya raba maganar gida biyu. Kalsiyom ɗin da ke cikin abinci ba a same shi da laifi ba. Shakkun da ake da shi yana kan ƙwayar da ake sha ba tare da buƙata ba. Manyan masu daskarar da jijiya kuwa sanannu ne: shekaru, hawan jini, ciwon sukari, taba, kitsen jini da ciwon ƙoda.

Yadda jiki ke riƙon kalsiyom

Jikin baligi yana ɗauke da kimanin kilo 1 na kalsiyom. Kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan abin da ya rage yana cikin jini da tsoka, kuma da shi zuciya ke bugawa, tsoka ke motsi, jini ke daskarewa idan an ji rauni.

Saboda muhimmancin wannan ɗan ragowar, jiki ba ya barin adadinsa cikin jini ya yi sama da ƙasa yadda ya ga dama. Akwai wasu ƙananan halittu huɗu a wuya, a bayan maƙoshi, da ke aikin gadi tare da bitamin D da ƙoda. Idan kalsiyom ya ragu a jini, sai a ciro daga ƙashi. Idan ya yi yawa a abinci, hanji ya rage tsotsa, ƙoda ta zubar da rarar ta fitsari. Shi ya sa mai lafiya zai sha ƙwaryar fura da nono, a auna jininsa a ga kalsiyom yana nan inda yake.

Wannan ya amsa tambayar da ake yawan yi a fada lokacin dafa shayi. Farin abin da ke liƙewa a gindin buta kalsiyom ne na cikin ruwa, zafin wuta ne ya sa shi kwantawa. Jijiyar mutum ba buta ba ce, jini kuma ba ya tafasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta duba batun ruwan sha mai yawan kalsiyom, ba ta same shi da cutar da lafiya ba.

Me ke kai shi bangon jijiya

Labarin yana farawa ne da rauni. Cikin jijiya akwai wata siririyar fata mai santsi da jini ke bi ta kai. Hawan jini yana bugun ta dare da rana, sukari mai yawa da hayaƙin taba suna cin ta. Inda ta samu rauni, kitsen jini, wato kolesterol, yana kutsawa ƙarƙashinta ya taru. Jiki ya turo ƙwayoyin kariya, wurin ya kumbura, wasu ƙwayoyin su mutu a ciki. Bayan shekaru, wasu ƙwayoyin bangon jijiyar sukan sauya hali su koma aiki irin na masu gina ƙashi, suna ajiye kalsiyom da fosfat a kan wannan tarin kitse.

Ke nan kalsiyom ɗin bangon jijiya tabo ne na tsohon ciwo. Yana zuwa ne daga baya, kuma jinin kowa yana da isasshen kalsiyom da zai gina shi, ko mutum yana shan nono ko ba ya sha.

Akwai nau'i na biyu, wanda wani likitan Jamus, Johann Mönckeberg, ya bayyana a 1903. Shi wannan yana kama tsakiyar bangon jijiya ne, ya sa ta yi tauri ta daina miƙewa, musamman jijiyoyin ƙafa. An fi ganin sa ga tsofaffi, masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda.

Cutar kuma ta girmi kantin magani. A 2013 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa binciken da aka yi wa busassun gawawwaki 137 na mutanen da, daga Masar, Peru, kudu maso yammacin Amurka da tsibiran Aleut, waɗanda zamaninsu ya ratsa shekaru kusan 4,000. Da aka sa su cikin na'urar sikana, an ga alamun cutar jijiya a jikin 47, kusan kashi 34 cikin 100. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganin ƙwayar kalsiyom.

A yau likitocin zuciya suna amfani da wannan tabo a matsayin ma'auni. A 1990 wani likita a birnin Miami na Amurka, Arthur Agatston, ya fito da hanyar ƙirga yawan kalsiyom a jijiyoyin zuciya ta hoton sikana. Wanda makinsa sifiri ne, haɗarin bugun zuciya gare shi a shekaru masu zuwa kaɗan ne. Wanda ya haura 100 yana buƙatar kulawa, wanda ya haura 400 kuwa yana cikin babban haɗari. Makin yana nuna yawan ɓarnar da ta riga ta auku ne, ba yawan madarar da mutum ya sha ba. Ana yin gwajin ne galibi ga masu shekaru 40 zuwa 75 da likita ke son yanke shawarar fara ba su maganin rage kitsen jini. Matashi mai shekaru 25 da ba shi da wata matsala ba shi da dalilin kashe kuɗinsa a kai.

Inda gardamar ƙwaya ta samo asali

Shekara da shekaru likitocin ƙasashen Yamma suna rubuta wa mata tsofaffi ƙwayar kalsiyom don kare su daga karaya, kowa na ganin ko ba ta yi amfani ba, ba za ta cutar ba. A 2008 Mark Bolland da Ian Reid na Jami'ar Auckland a ƙasar New Zealand suka girgiza wannan tunani. Sun bi mata 1,471 da suka daina al'ada har shekaru 5, rabi suna shan giram 1 na kalsiyom kullum, rabi suna shan ƙwayar da ba komai a ciki. Sai suka ga bugun zuciya ya fi yawa a ɓangaren masu shan kalsiyom.

A 2010 suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 11 da suka ƙunshi mutane kusan 12,000, suka wallafa a mujallar BMJ ta Ingila cewa ƙwayar kalsiyom, idan ba a haɗa ta da bitamin D ba, tana ƙara haɗarin bugun zuciya da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan adadi ne masu bidiyo suka fi so, kuma ana yawan fahimtarsa a karkace. Ba ana nufin mutum 30 cikin 100 za su kamu ba. A misali, inda da mutum 10 cikin 1,000 ne za su kamu, sai su zama 13.

Wasu masana ba su gamsu ba. Hujjarsu ita ce an shirya waɗancan gwaje-gwaje ne don duba ƙashi, batun zuciya daga baya aka tsinto shi, wani lokaci ma daga bakin marasa lafiyar kawai. Suka kuma nuna babban gwajin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, wanda ya bi mata 36,282 kimanin shekaru 7 suna shan miligiram 1,000 na kalsiyom da bitamin D. A nan ba a ga ƙaruwar ciwon zuciya ba. Abin da aka gani shi ne tsakuwar ƙoda ta ƙaru da kashi 17 cikin 100.

Binciken da ya fi taɓa tambayarmu kai tsaye ya fito ne a 2016, daga masana na Jami'ar Johns Hopkins da wasu jami'o'in Amurka. Sun ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar mutane fiye da 2,700, suka sake ɗauka bayan shekaru 10. Waɗanda suka fi kowa samun kalsiyom a jimilla sun fi tsira daga sabon daskarewa, da kusan kashi 27 cikin 100. Amma da aka ware masu shan ƙwaya, sai aka ga haɗarinsu ya ƙaru da kashi 22. Bincike ne na sa ido, ba ya iya tabbatar da cewa ƙwayar ce sanadi, sai dai ya ƙarfafa bambancin da ke tsakanin akushi da roba.

Masanan suna da bayani a kan haka. Kalsiyom ɗin abinci yana shiga ne kaɗan-kaɗan, haɗe da sauran abinci, tun safe har dare. Ƙwaya kuwa tana zubo miligiram 500 ko 1,000 a lokaci guda, adadin cikin jini ya ɗan hau na wasu awoyi.

A wannan shekara ta 2016 dai, ƙungiyoyi biyu na likitocin ƙashi da na rigakafin ciwon zuciya a Amurka suka fitar da matsaya cewa ga mai lafiya, kalsiyom na abinci ko na ƙwaya ba ya ƙara ciwon zuciya matuƙar jimillarsa ba ta wuce miligiram 2,000 zuwa 2,500 a rana ba. Bayan shekaru biyu, a 2018, kwamitin ƙwararrun da ke ba Amurkawa shawara kan rigakafi ya ce matan da suka daina al'ada, masu lafiya da ke zaune a gidajensu, kada su riƙa shan ƙaramin adadin kalsiyom da bitamin D kullum da sunan kariya daga karaya, domin ba ya hana ta. Har yau ana ja-in-ja kan illar ƙwayar ga zuciya. Amfanin nata ga wanda ba likita ne ya rubuta masa ba shi ma ya ragu ƙwarai a idon masana. Babu ɓangaren da ya ce a bar nono.

Mu nan ƙaranci ne damuwarmu

Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ƙasashen da madara da cuku ke kan tebur kullum, ga mutanen da tun farko suna samun kalsiyom mai yawa. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi tun 2011 ya ce baligi yana buƙatar miligiram 1,000 a rana, mace da ta haura 50 da namijin da ya haura 70 miligiram 1,200, yara masu tasowa daga 9 zuwa 18 kuma 1,300. Taswirar da gidauniyar yaƙi da raunin ƙashi ta duniya ta fitar a 2017, mai ɗauke da bayanan ƙasashe 74, ta nuna galibin ƙasashen Afirka da ke ciki suna tsakanin miligiram 400 zuwa 700 ne kawai.

Dalilin a bayyane yake. Gero, dawa, masara da shinkafa, waɗanda su ne ginshiƙin tukunyarmu, kalsiyom ɗinsu kaɗan ne, kuma dusar hatsi tana ɗauke da wani sinadari da ke rage tsotsarsa a hanji. A birnin Jos na Nijeriya, likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa yara masu lanƙwasar ƙafa, duk da ranar da suke sha, abin da ya rage musu kalsiyom ne, domin abin da suke samu a rana bai wuce miligiram 200 da ƴan kai ba. Da aka ba su kalsiyom, ƙasusuwansu sun fi saurin gyaruwa fiye da waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai.

Don haka duk wanda ya ji tsoron bidiyo ya janye nono daga gidansa, ya cuci yaransa ne ba tare da ya kare zuciyar kowa ba. Kofi ɗaya na madara ko nono, kwatar lita, yana da kusan miligiram 300. Cukun Abalak da na kasuwannin jahar Tawa, kindirmo, ganyen zogalen da ake nomawa a Jiratawa da kewayen Maraɗi, miyar kuka, riɗi, kuɓewa, wake, da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, duk suna da rabonsu. Ga wanda ke samun nono a furarsa, kwaɗon zogale da rana, miyar kuka da dare, tazarar da ta rage masa ba ta da yawa.

Kanwa kuwa, duk da farinta, ba kalsiyom ba ce. Sodiyom ne ya fi yawa a cikinta, irin na gishiri, mai tayar da hawan jini.

Wanda ƙwayar ke yi wa rana, da wanda take yi wa illa

Akwai waɗanda ƙwayar ke ceto. OMS ta ba da shawarar a ba mata masu juna biyu giram 1.5 zuwa 2 a rana a wuraren da abinci ba shi da isasshen kalsiyom, domin yana rage hawan jinin ciki da ke kai ga jijjiga, ɗaya daga cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa. Mai ciki da aka rubuta wa kalsiyom a wajen awo ta ci gaba da shan abinta. Haka yaro mai lanƙwasar ƙafa, da tsohuwar da likita ya tabbatar ƙashinta ya yi rauni ya haɗa mata da maganinsa, da wanda aka yi wa aikin maƙoshi.

Wanda ya kamata ya fi kowa taka tsantsan shi ne mai ciwon ƙoda. Idan ƙoda ta gaza, fosfat yana taruwa a jini, ya haɗu da kalsiyom su kwanta a jijiyoyi da sauri, har ga matasa. Masu wankin ƙoda a asibitin Lamorde da ke Yamai da sauran cibiyoyi suna cikin wannan rukuni. Ƙa'idojin likitocin ƙoda na duniya na 2017 sun nemi a taƙaita yawan magungunan da ke ɗauke da kalsiyom da ake ba su. Matsalar ita ce ciwon ƙoda yana daɗewa bai nuna alama ba, kuma hawan jini da ciwon sukari ne manyan masu jawo shi. Tsohuwar da ake aiko wa ƙwaya saboda ciwon gwiwa tana iya kasancewa cikinsu ba ta sani ba.

Ciwon gwiwar ma, galibi na zaizayar gaɓa ne da shekaru da nauyin jiki ke kawowa, kuma kalsiyom ba ya warkar da shi. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda shi ma sai da shawarar likita. Ƙwayar tana hana jiki tsotsar maganin ƙarin jini, da magunguna irin su siprofloksasin da doksisiklin, da maganin maƙoshi, idan an sha su lokaci guda. Mai tafasa a ruwa tana ɗauke da sodiyom, abin lura ga mai hawan jini. Wasu ƙwayoyin ƙwannafi da ake tsotsa su ma kalsiyom ne, sai mutum ya haɗa biyu bai sani ba.

Akwai kuma ruɗanin suna. Amlodipin, maganin hawan jini da aka fi rubutawa a yankinmu, takardarsa tana cewa mai tare kalsiyom ne. Ma'anar ita ce yana rage shigarsa cikin tsokar bangon jijiya domin ta saki. Bai hana shan nono ba, ba ya kuma kankare abin da ya daskare.

Masu alkawarin wanke jijiya

Inda tsoro ya shiga, kasuwa ta buɗe. Bidiyon da ya fara da gargaɗi sau da yawa yana ƙarewa ne da talla: haɗin tafarnuwa da lemun tsami, wani shayi, ko bitamin K2 da aka ce yana kwashe kalsiyom daga jijiya ya mayar ƙashi. Maganar K2 tana da tushe a ɗakin bincike, domin akwai wani furotin mai hana daskarewa da ke buƙatar bitamin K. Amma da aka gwada a Denmak kan tsofaffin maza 365 har shekaru 2, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai rage saurin daskarewar ƙofar zuciya ba. Ga masu shan maganin tsinka jini irin su Sintrom kuwa, bitamin K yana karya aikin maganin, kuma hakan na iya kai ga rasa rai.

Zuwa yanzu babu maganin da aka tabbatar yana narkar da kalsiyom ɗin da ya riga ya kwanta. Likitoci ma ba shi suke bi ba. Magungunan rage kitsen jini da ake kira statin sukan ɗan ƙara makin kalsiyom, amma suna rage bugun zuciya, saboda tarin kitse mai laushi shi ne ya fi saurin fashewa ya toshe hanya, wanda ya taurare kuwa ya fi zama lafiya.

Abin da kuɗin ya fi dacewa da shi

Alƙaluman OMS sun ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutane kusan miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Daskarewar da ake gani a shekara 60 tana fara ginuwa ne tun mutum yana saurayi, don haka maganar ta shafi mai sigari da shisha a fada kamar yadda ta shafi iyayensa.

Matakan sanannu ne. A auna hawan jini a CSI ko farmasi. Idan ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce a awo fiye da ɗaya, a ga likita, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi. A auna sukari. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙa yin gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙulen miya. A bar taba, a rage sukarin shayi da lemun kwalba, a riƙa tafiya da ƙafa.

Ga ɗan ci-rani, na'urar auna hawan jini ta gida, kuɗin gwajin sukari da na ƙoda, da tabbatar da cewa maganin hawan jinin iyaye bai yanke ba, sun fi kowace roba amfani. Idan kuma akwai ƙwayar kalsiyom a gida ana sha, a ɗauke ta tare da sauran magunguna a kai wa likita ya duba, ya faɗi ko a ci gaba ko a dakata.